Gajere Ba Yaro Ba Ne, Ko a Filin Ƙwallon Kwando

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanen Kano, wai ƙwallon kwando wasan dogaye ne. Yaro ɗan Yakasai ko Mandawari zai ce yana son shiga, sai yayansa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da wannan tsawon naka? Je ka buga ƙwallon ƙafa." Wannan magana kuskure ce, kuma asarar da take jawo mana ba kaɗan ba ce.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen zaɓen yara ya san yadda ake yi. Koci zai jera su, ya bi kawunansu da ido, ya ware dogaye gefe tun kafin a taɓa ƙwallo. Gajeren da ke can ƙarshen layi, wanda ya iya juya ƙwallo da hagu da dama kansa a ɗage, sai a ce masa ya dawo baɗi. Da yawa ba sa dawowa.

Ba na musun amfanin tsawo. Kwandon yana mita 3.05 daga ƙasa, kuma Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya ci wa Houston kofin NBA a 1994 da 1995, dogo ne na gaske. Amma mutum biyar ke shiga fili, kowa da aikinsa. Dole a samu wanda zai tsallake da ƙwallo rabin fili cikin daƙiƙa 8, ya tsara hari kafin daƙiƙa 24 su ƙare, ya san wanda hannunsa ya yi zafi ya miƙa masa. Wannan shi ne mai rarraba ƙwallo, kuma jarinsa ido ne da sauri da natsuwa. Dogon da ke ƙarƙashin kwando, in babu mai kai masa, zai gama wasa bai ci komai ba.

A dubi Muggsy Bogues. Tsawonsa mita 1.60, bai fi yawancin 'yan sakandarenmu ba. Washington ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1987 a matsayi na 12, ya yi wasa tare da Manute Bol mai mita 2.31, sannan ya shafe kaka 14 a NBA, mafi yawansu a Charlotte. Gajartarsa ita ce makaminsa: yana buga ƙwallo ƙasa-ƙasa inda dogo ba ya iya sunkuyawa ya ƙwace, shi kuwa yana shigowa ta ƙarƙashin hammata ya fizge ta. Isaiah Thomas, mai mita 1.75, shi aka ɗauka na ƙarshe, na 60, a 2011. A kakar 2016 zuwa 2017 yana ci wa Boston maki kusan 29 a kowane wasa.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce. To mu dawo gida. Kano Pillars, da ke wasa a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, ta sha ɗaukar kofin Najeriya, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Sunan da 'yan kallo suka fi riƙewa a zamanin shi ne Abubakar Usman, wanda ba shi ne mafi tsawo a fili ba, amma ƙwallo daga hannunsa take tashi, har ya kai ga buga wa tawagar Najeriya, D'Tigers. A ɓangaren mata, Ezinne Kalu ce gwarzuwar gasar Afirka ta 2019, kuma tana kan gaba lokacin da tawagar matan Najeriya, D'Tigress, ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Olympics ta Faris a 2024, abin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa yi.

Tsawo halitta ce, babu kocin da ke koyar da shi. Juya ƙwallo, miƙa ta da harbi daga nesa kuwa duk koya ake yi. Kocin da ya tsaya kan tsawo kaɗai ya guje wa aikinsa ne. Ina kira ga masu horar da yara a makarantu da unguwanni: ku ba kowane yaro ƙwallo, ku bar shi ya yi wasa minti goma kafin ku yanke hukunci. Iyaye da yayye kuma ku daina kashe wa gajerun yaranku gwiwa. Cikin ganuwar Kano akwai yara masu kai da zafin nama, kuma Pillars ta gobe tana bukatarsu.