Daren Fitilu

A ƙasar Faransa akwai wani babban birni wai shi Liyon. Ran 8 ga Disamba, 1852, mutanen birnin suka jera kyandirori a tagoginsu saboda wani biki na addininsu. Abin ya ƙayatar, har ya zama al'ada. Yanzu kowace shekara akan yi kwana huɗu ana bikin haske. Gwanaye sukan haska zane-zane masu launi iri iri a jikin manyan gine-gine, baƙi kuwa su yi ta zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa.

A birnin Sanluwi na ƙasar Senegal ma akwai irin wannan biki, sunansa Fanal. Can akan haɗa manyan fitilu da katako da takarda, waɗansu da siffar gidaje, sa'an nan a zaga gari da su ana kiɗa.

To, ya kamata ƙasar Zazzau ta sami nata daren fitilun, 'yan makaranta kuwa su ne za su fara. Yaran Hausa sun saba da wasan dare, gama sukan fita tashe tun daga goma ga watan azumi. Kayan aiki kuma ba su da wuya. A Dutsen Abba, in an yi girbi, kara ba ya ƙarewa. Ga duma, ga ƙwarya, ga tsohuwar takarda. In aka huda ƙwarya da basilla aka kife ta a kan fitila, sai haske ya fito ɗigo ɗigo kamar taurari.

Amfanin wannan aiki ya wuce wasa. Yaron da zai yi fitila mai siffar Ƙofar Doka tilas ya je ya dube ta, ya gwada tsawo da faɗi. Wanda zai kwaikwayi Masallacin Juma'a na birni zai ji labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu. Watau da fitila guda ya koyi lissafi da tarihi da aikin hannu.

Waɗansu dattawa za su ce akwai haɗarin gobara. Gaskiyarsu ce. Da hunturu kome a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye danga da rumbu. Saboda haka kada a sa kyandir ko aci-balbal cikin fitilar kara. A sa ƙaramar tocila mai batir, ko fitila mai cajin rana, malamai kuma su tsaya a kai. Rigakafi ya fi magani.

In makarantu biyu ko uku suka fara bana, baɗi sauran za su bi.

Tambayoyi
1. A wace shekara mutanen Liyon suka fara jera kyandirori?
2. Wa ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya?
3. Don me aka hana sa kyandir cikin fitilar kara?