Ba Rashin Bangaskiya Ne Ke Hana Ka Barci Ba



Yau da ɓacin rai na zo, kuma da mu shugabanni nake. Wani saurayi ya same ni bayan sujada, idanunsa jajur. Wata uku ke nan in ya kwanta kansa ba ya kwanciya: kuɗin haya, jarrabawa, wata magana da ya faɗa tun bara, wannan tunani na korar wancan, har ladanin unguwa ya kira asuba. Da rana sai ya karanta layi ɗaya sau biyar bai san abin da ya karanta ba. Ya kai kukansa wurin wani mai wa'azi, aka buɗe masa Filibiyawa 4:6, aka ce damuwa zunubi ce, aka ɗora masa azumin kwana bakwai da kwanan addu'a uku. Wato wanda barci ya ƙaurace wa, maganinsa a ƙara hana shi barci! Ya dawo da sabon tunani a kan tsofaffin: wataƙila Allah ya yashe shi.

Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, ta'aziyya ya aika musu, ba bulala ba. A Zabura 77 Asaf ya kwana ido biyu yana tuhumar ko Ubangiji ya manta da jinƙai, kuma ba a cire zaburar daga Littafi ba. Ku buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu daga Yezebel, ya zauna gindin itace a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ikan bai tambaye shi ina bangaskiyarsa ba. Gurasa ya ba shi da tulun ruwa. Ya ci, ya koma barci, aka sāke tashinsa ya ci. Maganar Allah da shi sai can Horeb, bayan kwana 40.

Wani zai ce, to Fasto, ba ka yarda akwai aljanu ba ne? Na yarda. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanka, addu'a kake yi kana neman ɗan sahu zuwa asibiti. Me ya sa ƙwaƙwalwa kaɗai aka hana ta ciwo? Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda yaranmu ke faɗawa in mun rufe musu baki. Kemis. Ƙwayar barci ba takardar likita, yau ɗaya, wata mai zuwa uku. Mu a Kano mun ga abin da kodin ya yi wa matasa kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ɗan coci ba ƙarfe ba ne.

Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a titin Zariya, daga Gyadi-Gyadi ko Tarauni tafiya kaɗan ce, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a ciki. Zuwa wurinsu ba shaidar hauka ba ce. Wani ciwon damuwa ne, wani maƙoƙo ne ke sa zuciyarsa bugu, wani kuwa shayi mai kauri da waya a hannu har ƙarfe biyun dare. Ka fara da ajiye wayar nesa da katifa, ka rubuta abin da ke damunka a takarda, ka yi addu'a a kansa, ka bar shi sai safe. In mako biyu suka wuce ba sauƙi, ko kana kwana ba barci amma ba ka jin gajiya, ka ga likita. In kuwa tunanin kashe kanka ya zo, kada ka jira Lahadi, ka gaya wa wani a daren.

Saurayin nan ni na raka shi, muka yi addu'a a kan benci muna jiran layi. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai, ya same ni ranar Laraba bayan nazarin Littafi Mai Tsarki.