Fatalwowin El-Duniya

A Maska na fara jin sunan El-Duniya, daga bakin kakata, daren da ta tsinkayi ina shirin bin yayyena Funtuwa kallon fim. Ta ce wuta ce daga sama ta cinye gidan siliman nan na Kano, domin an haska abin da bai halatta ido ya gani ba. Ta ce shekaru bayan nan, mai wucewa da tsakar dare yakan ji kururuwar fatalwowi suna laluben ƙofa. Na fasa tafiya. Allah ya jiƙan Iya, amma yau ina ƙaryata labarinta, ina kuma tuhumarmu da muke ci gaba da yaɗa shi.

Ranar Lahadi, 13 ga Mayu 1951, gobara ta tashi a El-Duniya, mutum 331 suka rasu daga cikin kimanin 600. Binciken gwamnati ya gano cewa daga ɗakin injin haska fim wutar ta faro. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama, ko ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Amma gari ya gwammace jita-jitar cewa surar Annabi (SAW) aka nuna, har sai da hukuma ta fito ta musanta. Wa ya saurara? Waɗanda tun farko suka laƙaba wa silima sunan dodon bango sun riga sun yanke hukunci.

Za a ce ai almara ce kurum, kuma tana hana yara yawon dare. Gaskiya ne, ni ma ta hana ni. Sai dai da mutuncin wa aka biya? Mun mayar da 'ya'yan mutane la'anannu da ƙasa ta ƙi karɓa, alhali malamanmu sun karantar da mu cewa wanda gobara ta kashe yana cikin shahidai. Wane ne ya ba mai hira a dandali izinin rufe musu ƙofar rahama?

Ɓarnar ba ta tsaya kan matattu ba. Muddin azaba ce ta sauko, babu sauran mai tambayar ƙofa nawa ginin yake da ita, ko ina aka jibge abin da ke cin wuta. Fatalwa ta ɗauke wa sakaci laifinsa, mu kuma muka gaji tsoron aljanu, muka bar tsoron wuta.

Kakar audugar bara na leƙa wani gidan kallon ƙwallo a kan hanyar Malumfashi. Rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, samari cunkushe har bakin allo, janareto na ruri, jarkar fetur jingine daidai inda ake fita. Na nuna wa mai gidan. Ya yi dariya, ya ce, “Malam, ai mu ƙwallo muke nunawa, ba abin saɓo ba.”