Waƙar Soyayya a Lokacin Ƙarar Bindiga

Akwai gorin da ake yawan yi wa matasan marubuta waƙa, wai ƙasa tana cin wuta, su kuwa suna can suna yabon idon budurwa. Mu dai ba mu yarda da wannan gori ba. Wanda bai iya siffanta abin da yake ƙauna ba, ba zai iya yi masa makoki ba ranar da aka raba su.

Mu duba magabata. Nana Asma'u 'yar Shehu ta taso a tsakiyar yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, ta kuma rubuta tarihinsu a waƙe. Amma cikin rubuce-rubucenta da suka fi taɓa zuciya akwai marsiyyoyi, irin wadda ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Ƙauna ce ta ba waɗannan waƙoƙi nauyi. Daga baya Sa'adu Zungur ya yi "Maraba da Soja" don tarbar dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, Aƙilu Aliyu kuma ya yi "Jiki Magayi" a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Waƙar zuga soja muna da ita. Muryar da ta yi mana ƙaranci ita ce ta matar da ke jiran dawowar miji, da ta uwar da har yau ba ta kwashe kayan ɗanta daga ɗaki ba.

Wannan giɓi namu ne mu cike. Tun 2009 Borno da Yobe suke cikin tashin hankali, abin ya tsallaka har Diffa, ga kuma 'yan bindiga a ƙauyukan Zamfara, Katsina da Sakkwato. Jarida za ta kawo adadin waɗanda aka kashe, gobe wani adadin ya danne shi. Marubucin waƙa shi ne zai ɗauko mutum guda daga cikin adadin, ya mayar masa da fuskarsa.

Sharaɗin shi ne mu daina aron ido. Furen wardi da dusar ƙanƙara da muke tsinta a finafinan Indiya ba za su ɗauki nauyin rashin da aka yi a ƙauyenmu ba. Kyau yana nan kusa da mu: lallen da bai gama kamawa ba, wushirya, ƙamshin turaren wuta a jikin mayafi. Rashi ma haka: akwatin lefe da aka bari a buɗe, rumbun da aka ƙona, gadon saƙar da mai shi bai dawo ba. Ɗango ɗaya mai irin wannan hoto ya fi baiti goma na "zuciyata tana ƙuna".

Sai dai a yi hattara. Kada gudun karyewar amsa-amo ya sa mu faɗi abin da ba mu ji ba. Kada mu mayar da hawayen wani abin neman suna, kada kuma alƙalaminmu ya ɗora laifin mutum a kan ƙabilarsa.

Aikinmu na wannan mako: baiti biyar a kan abu ɗaya da wani ya tafi ya bari, ba tare da ambaton kalmar mutuwa ko yaƙi ba. Allah ya ƙara mana basira, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.