WAIWAYE ADON TAFIYA: Akwati Na 13

Masu ɗaukan Amurka tamkar ƙasar da ba ta taɓa sanin maguɗin zaɓe ba, ya kamata su ji labarin abin da ya auku a Jihar Texas cikin shekarar 1948.

A wancan zamani jam'iyyar Dimokurat ce ke riƙe da jihar kakaf, saboda haka duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani nata na kujerar Majalisar Dattijai, kamar ya riga ya shiga majalisar ne. Mutum biyu suka kara ran 28 ga Agusta: Coke Stevenson, tsohon Gwamnan jihar, da Lyndon Johnson, wakili a Majalisar Wakilai. An jefa ƙuri'u kusan miliyan guda, kuma da aka yi kwanaki ana ƙidaya, Stevenson ne ke gaba da ɗan rinjaye.

Kwana 6 bayan zaɓe, sai aka aiko da gyararren sakamako daga garin Alice, wai an gano ƙarin ƙuri'u 202 a akwati na 13. Johnson ya sami 200, Stevenson 2. Waɗanda suka ga rajistar sun ce sunayen nan na ƙarshe hannu ɗaya ya rubuta su, da tawada ɗaya, a jere bisa tsarin abacada. Da haka Johnson ya yi rinjaye da ƙuri'a 87.

Stevenson ya kai ƙara, amma kwamitin jam'iyya ya tabbatar wa Johnson da ƙuri'a 29 bisa 28, sa'an nan Mai Shari'a Hugo Black na Kotun Ƙoli ya dakatar da shari'ar, a kan cewa kotun tarayya ba ta da hurumi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1977 Luis Salas, jami'in da ya kula da akwatin, ya fito fili ya ce ƙuri'un na bogi ne. Amma bakin alƙalami ya bushe, domin Johnson ya zama Shugaban Ƙasa tun 1963, har ya sa hannu a dokar 1965 wadda ta kare wa baƙar fata haƙƙin jefa ƙuri'a, ya kuma rasu a 1973.

Abin lura shi ne, Stevenson bai rasa jama'a ba. Akwati ɗaya ne aka bari a hannun mutanen abokin hamayya. Ɗan takarar da wakilinsa ya tafi gida kafin a sa hannu a takardar sakamako, kada ya yi kuka da kowa.