Kafin Bikin Fitilu, a Fara Kunna ta Bakin Kasuwa

Duk Disamba, daidai lokacin da hazon hunturu ya lulluɓe Dutsi da Daura, sai hotuna su fara shigowa wayoyi: ga wani ma'aikaci cikin jibgegiyar rigar sanyi a birnin Liyon na Faransa, gine-gine na ƙyalli a bayansa. Da ya dawo gida sai ya fara kira a shirya irin wannan biki a Katsina, wai don a jawo baƙi. Ba sha'awar ce abin zargi ba. Abin zargi shi ne ya ga rufin ɗaki, bai tambayi harsashinsa ba.

Bikin Liyon ba da kwangila ya fara ba. Ranar 8 ga Disamba, 1852, hadari ya nemi ɓata wani bikin addini da aka shirya, sai mutanen gari suka jera kyandir a tagoginsu, al'adar ta ɗore. A 1989 hukumar birnin ta fito da tsarin haskaka tituna da gadoji da gine-gine na kowane dare, sannan a 1999 aka mai da abin biki na kwana huɗu. Jama'a ne suka fara, hasken yau da kullum ya biyo baya, shagali ya zo a ƙarshe. Mai son kwaikwayo kuwa daga ƙarshen yake so ya faro.

A Arewa harsashin ne babu. A Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, yawancin jihohin yankin sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10, wadda aka faro a 2005, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba. A garuruwa da dama turakun sola na ayyukan mazaɓu suna nan tsaye, batir ya mutu, ba wanda aka ɗora wa gyara. Bikin da za a yi a irin wannan hali janareto ne zai kunna shi na kwana uku, a ɗauki hoto, a naɗe waya, ungozoma ta koma karɓar haihuwa da tocilar wayarta.

Masu goyon bayan bikin kan ce yawon buɗe ido na kawo kuɗi. Haka ne, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baƙon da ke tsoron hanya bayan magariba ba zai zo kallon fitila ba, kuma ƙasar Daura ba ta rasa abin nunawa ba: ga Sallar Gani, ga rijiyar Kusugu.

Bahaushe ma ba baƙon dare ba ne. Dandali a farin wata, 'yan tashe cikin azumi, almajirai kewaye da wutar kara suna karatu, kasuwar dare da aci-bal-bal a kan kowane faranti, tukubar mai tsire da teburin mai shayi, duk raya dare ne da jama'a suka yi da kansu, kamar mutanen Liyon. Ba rashin fitilu masu launi ke kashe su ba, duhu ne da tsoro.

Saboda haka wanda ya je ya gani, in da gaske yake, sai ya tambayi ƙaramar hukumarsa: fitila nawa ke ci a tasha da asibiti da bakin kasuwa, nawa aka ware don gyara, wa ke da alhakin sauya batir? Ranar da mai ƙosai a Dutsi za ta kai ƙarfe goma na dare tana suya, ta koma gida ba fargaba, bikin ya riga ya fara ko ba a gayyaci kowa ba.