Makullin shafin ƙungiya yana hannun wa?



Bara waccan ƙungiyarmu ta masu goro a Kumasi ta wayi gari shafinta na intanet ya ɓace. Ba kutse aka yi mana ba, kuɗin haya ne ya ƙare. Yawancinmu ba mu san cewa sunan shafi, adireshin nan mai ƙarewa da .com ko .gh, ba mallaka ba ne. Haya ce kamar ta rumfar kasuwa, ana sabunta ta shekara-shekara. Yaron da ya gina mana shafin da imel ɗinsa ya yi rajista, saƙon tuni can yake zuwa, shi kuwa ya bar gari neman na kansa. Wata huɗu muna cigiya. Kafin mu same shi, wani ya karɓi sunan.

Ban ga laifin yaron ba, wallahi. Mu ne muka ba shi makullin shago muka juya baya.

Yanzu aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da WordPress aka gina su, sakatare ma da wayarsa zai iya sa farashin mako ba sai ya jira gwani ba. Kuɗin haya ana iya sa shi ya riƙa fita da kansa daga katin banki. Sai dai a kula da https ɗin nan na farkon adireshi, domin tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, mai saye ya gani ya ja da baya.

Abin da ya fi damuna shi ne sabon yayin nan na turo lambar shiga ta waya. Tsaro ne mai kyau, amma mu matafiya ne. Ka tsallaka iyaka layi ya ɗauke. A 2023 an rufe layukan da ba a haɗa da Ghana Card ba, Najeriya ma ta yi haka da NIN. In layin mutum ɗaya ne ke buɗe shafinku, ranar da aka rufe shi kun tsaya a waje.

Mu dai yanzu mun buɗe imel da sunan ƙungiya. Lambar sirri tana wurin shugaba, sakatare da ma'aji, ranar biyan haya kuma an rubuta ta a littafin taro. Katunan da muka buga da tsohon adireshi suna nan cikin kwali a shagona, jikokina na wasa da su.